Katantanwar Dutse Da Tekun Da Ya Ƙafe A Ƙasarmu

 

Ya kai ɗalibi mai karatu, da ku iyaye da ake karanta wa wannan mujalla a tsakar gida, a wannan fitowa ba zan yi magana a kan nahawu ko tajwidi ba kamar yadda na saba. Zan yi magana ne a kan duwatsun nan da ke jere a kan kanta a ofishin malamai. Na san ana ce mini Malam Mai Duwatsu a bayan idona, kuma ban ji haushi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasu maganganu da suka iso kunnena. Wasu sun ce wannan wasan yara ne, bai dace da malami ba. Wasu sun ce kayan tsibbu ne. Wasu kuma sun ce wata baƙuwar aƙida ce nake son shigowa da ita Islamiyya ta bayan gida. Duk wanda ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan yana da haƙƙin in yi masa bayani, domin ɗansa amana ne a hannuna.

Mene ne wannan dutse?

Idan ka ɗauki ɗaya ka duba, za ka ga a naɗe yake kamar gammo, ko kamar ƙahon ragon layya da ya girma ya murɗe. Wani ya cika tafin hannu, wani bai wuce murfin kwalba ba. Wani a kumbure yake kamar curin fura, wani kuma a shafe kamar faifai. Turawa suna kiransa amonayit. Sun samo sunan ne daga wani gunki na Misirawan dā mai suna Amun, wanda ake zana shi da ƙahon rago. Ni dai katantanwar dutse nake ce masa, ko da yake ba dodon-koɗi ba ne. Gidan dodon-koɗi ɗaki ɗaya ne daga baki har ƙurya. Wannan kuwa, in aka tsaga shi biyu, sai ka ga an rarraba cikinsa ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da bangonsa, ƙananan na tsakiya, manyan na baki.

Wannan gida na wata dabbar teku ce. Danginta su ne Larabawa ke kira ra'siyyatul arjul, watau masu ƙafafu a ka, domin hannuwansu daga kansu suke fitowa, sun kewaye baki. Har yau akwai sauran danginta a raye, kuma wallahi labarinsu abin a tsaya a saurara ne.

Akwai akhɗabuɗ, wanda Turawa ke cewa oktofus. Hannuwansa 8, kuma a jikin kowane hannu akwai wasu 'yan abubuwa a jere masu kama abu su tsotse kamar ƙahon wanzami. Zukatansa 3. Jininsa shuɗi ne, saboda sinadarin tagulla ne a cikinsa a madadin ƙarfen da ke sa namu ja. Ba shi da ƙashi ko ɗaya, saboda haka yana iya kurɗawa ta ƙaramar kafa. Yana sauya launin jikinsa fiye da hawainiya sauri. In abokin gaba ya matso, sai ya fesa masa baƙin ruwa a fuska ya gudu.

Akwai kuma habbar. Ku 'yan aji shida da muka yi sarfu da ku, ku duba wannan kalma da kyau. Daga hibru take, watau tawada, domin shi ma yana da jakar tawada a cikinsa, kuma mutanen dā sun yi rubutu da zane da ita. In zai yi gudu, ruwa yake zuƙa ya fesar da ƙarfi ta wani ɗan bututu, sai ka ga ya zabura da baya.

Sai na uku, notilus, wanda ke zaune a cikin zurfin tekun Fasifik da na Indiya. Shi ne ya fi kama da mai katantanwar nan tawa, domin shi ma gidansa a naɗe yake, ɗaki-ɗaki. A ɗakin ƙarshe yake zaune. In ya ƙara girma sai ya matsa gaba, ya gina bango a bayansa. Akwai wani siririn bututu da ya ratsa dukan tsofaffin ɗakunan, yana janye ruwan da ke cikinsu iska ta maye gurbinsa. Da haka gidan ke ɗauke da shi a cikin ruwa, kamar yadda gora ke ɗauke da masunci a Argungu. To, ita ma amonayit haka ta rayu. Bambancin shi ne, notilus yana nan har yau, ita kuwa Allah Ya ƙarar da irinta kaf. Masana sun ce hakan ya faru kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da manyan ƙadangarun nan da ake kira dainoso.

Yaya ta zama dutse? Idan dabbar ta mutu, gidanta ya nutse ƙasan teku, laka ta rufe shi, ta kuma shiga ciki ta cika ɗakunan. Wata lakar ta hau kan wata, nauyi ya danne, da daɗewa ta daskare ta zama dutse. Sau da yawa ɓawon kansa narkewa yake yi, sai siffarsa ta rage, kamar yadda bulo ke fitowa da siffar akwatin da aka buga shi a ciki. Layukan nan masu lanƙwasa da kake gani a jikin dutsen kamar zanen lalle, gurbin bangayen ɗakunan ne.

Ina teku a ƙasar Hausa?

Ga inda maganar take. Waɗannan duwatsu nawa ba daga Legas ko Jidda aka kawo su ba. Mafi yawansu daga Ashaka ne, kusa da Bajoga, cikin ƙaramar hukumar Funakaye a jihar Gombe, inda kamfanin siminti ya fara aiki a 1979. Tsakanin Ashaka da bakin teku ɗaruruwan kilomita ne. Amma dutsen farar ƙasa da ake fasawa a can a yi siminti cike yake da gidajen dabbobin ruwan gishiri.

Masana ilmin ƙasa sun yi bayani cewa kimanin shekara miliyan 90 zuwa 95 da suka wuce, wani hannun teku ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya biyo ta Nijar, ya sauko ta Gongola da kwarin Binuwai. Daga cikin hujjojinsu akwai cewa ire-iren katantanwar da ake samu a Ashaka ana samun danginsu na kusa a Damargu, arewa da Damagaram, ana kuma samunsu a Aljeriya da Tunisiya. Dabbar da ba ta rayuwa sai a teku, in ka same ta a jere daga can har nan, ka san ruwa ya taɓa haɗa wuraren.

Haka abin yake a ƙasar Sakkwato. Dutsen Kalambaina, wanda shi ma siminti ake yi da shi, yana ɗauke da kawa da bushiyar teku da dangin notilus. Amma ba a samun amonayit a cikinsa, domin shekarunsa kimanin miliyan 55 zuwa 60 ne, watau an shimfiɗa shi bayan an riga an ƙarar da ita. A yankin Goronyo kuma an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. Ka ga ke nan, duk gidan da aka gina da simintin Ashaka ko na Sakkwato, akwai ragowar halittun teku a cikin bangonsa, mai gida bai sani ba.

To, mu nan Kaduna fa? Kada wani ya ɗauki fartanya ya nufi bakin kogi. Duwatsun da ke ƙarƙashin Kakuri da Makera da Barnawa, da falalen da ke leƙowa a cikin kogin Kaduna da rani, tsofaffin duwatsu ne da suka haura shekara miliyan 500, waɗanda zafi da matsi suka dafa a can cikin ƙasa. Irin wannan dutse ba ya riƙe gawar komai. Amma muna da namu rabon a cikin labarin. Ma'aikatar binciken ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1919, a dā babban ofishinta ya daɗe a nan Kaduna ta Kudu, kuma ɗakunan gwajinta suna Barnawa. Wani ma'aikacinta mai suna Richard Reyment shi ne a 1954 ya raɗa wa wasu ire-iren amonayit suna Gombeoceras da Bauchioceras, watau ƙahon Gombe da ƙahon Bauchi. A 1957 ma'aikatar ta buga littafi guda na W. Barber a kan amonayit na arewa maso gabas kaɗai. Baƙi sun ƙetaro teku sun rubuta littafi a kan dutsen ƙasarmu, mu kuwa muna wuce ƙofar ofishin a cikin Keke ba mu san abin da ke ciki ba.

Yadda suka zo hannuna

Na farkon, wani kawuna direban tirela ne ya kawo mini. Yana dakon siminti daga Ashaka, ya tsince shi a gefen hanya ya sa shi waigi na danne takardu a gaban mota. Da ya ga na ƙura wa abin ido, sai ya ce, "Ɗauka mana, ɗana, ai can kamar tsakuwa suke." Na kwana ina juya shi a gaban fitila. Tun daga ranar, duk dogon hutun da na sami sarari nakan nemi kuɗin mota. Na je Bajoga sau uku, Sakkwato sau biyu, ina tambayar manoma da masu fasa dutse, ina bin zaizayar ruwa bayan damina, domin ruwa ne ke tone su. Yanzu ina da guda 43. Kowanne na goge shi da tsohon burushin haƙori, na rubuta wurin da aka same shi da ajami a 'yar takarda, na ajiye tare da shi. Uwargida takan ce da a ce hatsi nake tarawa haka da mun huta da awo. Nakan yi dariya, domin akwai gaskiya a maganarta.

Ga mai cewa wasa ne

Ɗan'uwa, duba Suratul Ankabut aya ta 20, inda aka umurce mu da tafiya a bayan ƙasa domin duba yadda aka fara halitta. Duba kuma Suratul Gashiya daga aya ta 17 zuwa ta 20, inda aka ja hankalinmu ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Yaranmu suna haddace waɗannan ayoyi tun suna aji ɗaya. Shin laifi ne in an sa musu dutse a hannu an ce ga abin da ake nufi da dubawa?

Kuma magabatanmu sun riga mu. Abu Raihan Al-Biruni, a littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin wanda ya kammala a 1025, ya yi bayanin cewa hamadar Larabawa a dā teku ce, hujjarsa kuwa ita ce duwatsun da ake samu in ana haƙa rijiya, waɗanda in an fasa su ake ganin wuri da ɓawon dabbobin ruwa a ciki. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi magana makamanciyar wannan a cikin Kitabus Shifa, a babin yadda duwatsu ke samuwa. Mutanen nan da Larabci suka yi karatu kamar yadda muke yi. Ba su ga cewa sunkuyawa a ɗauki dutse ya rage musu girman rawani ba.

Ga mai cewa tsibbu ne

Wannan ita ce maganar da ta fi damuna, kuma a nan nake son a saurare ni da kyau. Gaskiya ne, dutsen nan ya ɓatar da mutane da yawa a duniya. A garin Whitby na Ingila, mutanen dā sun ɗauka macizai ne da wata waliyyiyarsu ta mayar dutse, har masu sana'a suna sassaƙa musu kan maciji su sayar. A ƙasar Nepal, mabiya addinin Hindu suna tsintar baƙaƙen amonayit a kogin Gandaki, suna kiransu shaligram, suna bauta musu. Mu ma nan ba mu tsira ba. Wani bawan Allah ya taɓa yi mini sallama bayan isha'i, ya rage murya ya ce, "Allah gafarta Malam, a sayar mini da macijin nan guda ɗaya, an ce in an binne shi a ƙofar shago yana jawo kasuwa." Na ce masa, "Malam, wannan dabba ba ta iya kare kanta daga mutuwa ba, ina za ta iya kawo maka ciniki?" Ban sayar masa ba.

Ka lura, duk waɗannan mutane abu ɗaya ya haɗa su, ba su san mene ne dutsen ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutum in ya ga abin mamaki bai san asalinsa ba, ko dai ya ji tsoronsa ko ya rataya masa fata, kuma duka biyun ƙofofin shirka ne. Amma yaron da aka nuna masa ɗakunan ciki, aka gaya masa nan dabbar ta zauna, nan bututunta ya bi, ta ci, ta girma, ta mutu, wannan yaro ba bokan da zai sayar masa da shi a matsayin laya. Mun karanta yadda Sayyidina Umar (R.A.) ya tsaya a gaban Hajarul Aswad ya bayyana cewa dutse ba ya amfanarwa kuma ba ya cutarwa, koyi da Manzon Allah (S.A.W.) ne kawai ya sa ya sumbance shi. In haka ake cewa game da wancan dutse mai daraja, ina ga na Ashaka? Darasin tauhidi nake yi da duwatsun nan, ko da ban buɗe littafi ba.

Ga mai tsoron miliyoyin shekaru

Na fahimci wannan tsoro, kuma tsoro ne na mai kishin addininsa. Amma mu yi adalci. Alƙur'ani bai faɗi adadin shekarun duniya ba. Ya ambaci kwana shida na halitta, kuma Ibnu Kasir a tafsirinsa ya kawo saɓanin malamai a kan tsawon waɗannan kwanaki. A Suratul Hajji aya ta 47 an ambaci yini mai tsawon shekara 1,000, a Suratul Ma'arij aya ta 4 an ambaci mai tsawon shekara 50,000. Kuma mun sani Annabi Adamu (A.S.) ya tarar da ƙasa a shimfiɗe ne da abin da ke kanta. Saboda haka samun dabbar da ta riga ɗan Adam zuwa duniya bai taɓa imaninmu da komai ba.

Su masana, awo suke yi. Sun lura duwatsu hawa-hawa suke kamar tabarmin da aka jibge, ta ƙasa ita aka fara shimfiɗawa. Sun kuma gano wasu ma'adinai da ke rikiɗa a hankali bisa ƙayyadadden lokaci, kamar yuraniyom da ke komawa dalma, sai su auna nawa ya rikiɗa nawa ya rage, su fitar da shekaru. Wannan lissafi ne na mutane, ana gyara shi in an sami ma'auni mafi kyau. Ba rukunin imani ba ne, kuma ban taɓa tambayar ɗalibi shi a jarrabawar tauhidi ba.

Abin da ya faru da wani ɗalibina

Akwai wani yaro a aji huɗu, mai shiru-shiru, haddarsa ba ta da ƙarfi sosai, amma idonsa ba ya wuce komai. Bayan ya ga duwatsuna sai ya fara tara fararen ƙanƙara da jar marmara a gwangwanin madara. Mahaifiyarsa ta tarar da gwangwanin a ƙarƙashin matashinsa, hankalinta ya tashi, ta zaci wani ne ya ba shi sammu ya kawo gida. Ta watsar da su a kwata, mahaifin kuma ya zane shi. Washegari uban ya zo makaranta ransa a ɓace ya ce, "Malam, karatu na kawo yaron nan ko tsince-tsince?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a zauna." Na sa masa babbar katantanwar a hannu, na yi masa bayanin da na yi muku yanzu. Magini ne, ya san siminti fiye da ni. Ya daɗe yana juya ta, sa'an nan ya ce, "Ikon Allah!" Bai ce na yi daidai ba, kuma har yau Hajiya ba ta yarda a shigar mata da dutse ɗaki ba. Mun dai yi sulhu a kan cewa gwangwanin yaron zai zauna a makaranta kusa da nawa.

Iyaye, ban ga laifin uwar nan ba, tsoron uwa ne. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tun yana ɗanye ake karya shi. Yaron da aka doka don ya tsaya ya duba, gobe ba zai ƙara dubawa ba, ba zai kuma ƙara tambaya ba. Ƙasar nan tana buƙatar masu haƙar rijiyar burtsatse da masu binciken ma'adinai waɗanda suka san Allah. In ba mu raine su a Islamiyya ba, a ina za a raine su? In ka ga irin wannan gwangwani a ɗakin ɗanka, kira shi ka tambaye shi inda ya samo su. In hankalinka bai kwanta ba, ƙofar ofishinmu a buɗe take.

Nasiha ga ɗalibai

Wanda ke son wannan harka ya kiyaye waɗannan sharuɗɗa:

1. Salla da hadda da aiken iyaye su ne gaba. Ranar da dutse ya hana ka ɗayansu, ya zama abin shagala, ka ajiye shi.

2. Kada ka je bakin kogin Kaduna kai kaɗai, kada kuma ka kusance shi da damina.

3. Kada ka shiga ramin haƙar dutse ko gonar wani ba da izini ba. Abin da aka ɗauka ba da izini ba sata ce, ko da tsakuwa ce.

4. Duk abin da ka tsinta, rubuta wurin da ranar, da ajami ko da boko. Dutsen da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin labarinsa.

5. In kun je hutu Gombe ko Sakkwato ko Damagaram, ka buɗe ido a wuraren da ruwa ya zaizaye. Ɗauki ɗaya ko biyu, ka bar saura ga na bayanka.

6. Kada ka sayar wa mai neman sa'a ko magani, ko nawa ya taya.

Wanda ke son ya taɓa su da hannunsa, ya zo ranar Asabar bayan an tashi, da shi da mahaifinsa in ya so. Gani ya kori ji.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya tsare mana imaninmu, Ya shirya mana zuriya, Ya saka wa iyaye da alheri bisa ɗawainiyar da suke yi.